Hankaka, mai da ɗan wani naka

Hankaka yana cikin tsuntsayen da cikar gari ba ta kora ba, sai ma abinci da ta ƙara masa. A Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni tun da sassafe ake jin kukansa daga kan itatuwan maƙabarta da dogayen ƙarafan sabis ɗin waya. Daga nan yake bazama neman kalaci a bayan rumfunan mahauta na kasuwar Tarauni, da kan juji, da bakin kwata, da wajen masu abinci a tashar Unguwa Uku. Ba ya zaɓe. Ƙanzo ne, hanjin kaza ne, fara ce, ko ɓeran da mota ta take a titin Zariya, duk nasa ne. A da ungulu ce ke riƙe da wannan aiki, har aka ce ba ta jewar banza. Yanzu ta yi ƙaranci ƙwarai a Kano, kuma tun 2015 hukumar IUCN ta sa ungulun gari cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Hankaka da shirwa ne suka gaje mahauta.

Kirarinsa kowa ya sani: hankaka mai da ɗan wani naka. Akan jefi wanda ya ɗauki abin wani ya ce nasa ne da wannan magana, wani lokaci kuma a yabi wadda ta riƙe ɗan riƙo tsakani da Allah da ita. Tushenta wata tsohuwar fahimta ce da har gobe ake ji a bakin tsofaffi: wai hankaka ba ya ƙwai, ƙwan kaza ko ɗan tsako yake sacewa ya kai sheƙa, ya yi ta reno har ya rikiɗe ya zama hankaka. Masu wannan magana suna da hujja biyu, kuma ba na wasa ba ne. Ta farko, wa ya taɓa ganin ƙwan hankaka ko ɗansa ƙarami? Ta biyu, duk mai kiwon kaji ya sha ganinsa ya sure ƙwai ko tsako ya yi sama da shi.

Hujjar farko amsarta tana can sama. Hankaka yana ƙwai, uku zuwa shida, launinsu kore-kore mai ɗigon ƙasa-ƙasa. Miji da mata ne ke haɗa sheƙar da ƙirare, su shimfiɗe cikinta da tsumma da gashi da zare, galibi daga bazara zuwa farkon damina. Sai dai wurin da suke zaɓa, ƙololuwar giginya ko rimi ko kan ƙarfen sabis, ba inda yaro mai danƙo zai leƙa ba ne. Macen tana kwanci kwana 18 zuwa 19, 'ya'yan kuma sukan yi kusan mako shida a ciki. Ranar da za su sauko sun kusa kai iyayensu girma, da baƙinsu da farinsu, don haka mai kallo daga ƙasa ba zai ce yara ba ne. Wanda ya natsu zai gane su: gashinsu bai yi sheƙi ba, kuma suna bin manya suna karkaɗa fiffike da baki a buɗe, cikinsa ja. Shi kuwa tsakon da aka sura, cikin 'ya'yan hankaka yake ƙarewa. Tsakon kaza ba ya zama hankaka, domin kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Duk da haka kuskure ne a yi watsi da kirarin, don ruwa ba ya tsami banza. Akwai wata tsuntsuwa dangin ragon maza, mai doguwar jela da tukku da fararen ɗigo a fiffike, wadda Turawa ke kira kuku. Ita ba ta sheƙa sam. Takan faki idon mai gida ta saka ƙwanta cikin nasa ta tafi, kuma a wannan yanki na Afirka hankaka ne babban wanda take yi wa haka. Wasu masana biyu, Mundy da Cook, sun bi sheƙunan hankaka a Sakkwato suka tarar da ƙwanta a ciki, suka buga bayanin a 1977. Ƙwan nata yana riga na hankaka ƙyanƙyashewa da 'yan kwanaki, ɗan ya fito da tsananin ci, hankaka ya yi ta ɗura masa abinci har ya yi fiffike. Ba ya turo 'yan gida ƙasa kamar yadda ɗan wani nau'in kukun Turai ke yi, tare suke tashi, ko da yake yakan danne ƙananan wajen ci.

Ke nan hankaka yana renon ɗan wani, ɗan da ko kama ba su yi ba. Mai yiwuwa wani mai hawan giginya ko maharbi ne ya taɓa ganin baƙon ɗa a sheƙar, ko ya ga hankaka yana ciyar da tsuntsun da ba irinsa ba, labari ya bi gari, aka haɗa shi da satar tsaki da kowa ke gani. Abin da ya juye a hanya shi ne mai laifi. An ɗora wa hankaka sata, alhali a nan shi aka kawo wa ɗa ba da saninsa ba. Renon ma ba lallai ya zama asara ba. Wani bincike da aka yi a arewacin Sifaniya, aka wallafa a 2014, ya nuna ɗan irin wannan kukun yana fitar da wani baƙin ruwa mai ɗoyi idan an taɓa shi, wanda ke korar kyanwa da tsuntsaye masu farauta, har sheƙunan hankakan can da ke da baƙo suka fi tsira a shekarun da mafarauta suka yi yawa.

Wata maganar kuma, gabansa fari bayansa baƙi, wadda mata kan yi wa namiji mai fuska biyu, daga launi kawai aka ɗauko ta. Halinsa bai goyi bayanta ba, domin hankaka yana riƙe abokiyar zamansa shekara da shekaru, yana kuma kai mata abinci tana kwanci.

A addini an ambace shi ta fuska biyu. Aya ta 31 ta Suratul Ma'ida ta ba da labarin hankakan da Allah ya aiko yana tonon ƙasa, ɗan Annabi Adamu ya koyi yadda zai binne ɗan'uwansa. Hadisin Buhari da Muslim kuma ya lissafa shi tare da shirwa da kunama da ɓera da kare mai cizo cikin masu cutarwa da aka halatta kashewa ko a Harami, wata ruwayar ma ta keɓe mai ratsin fari.

Wayonsa ba ya buƙatar doguwar hujja. A bakin famfo ana iya ganinsa ya ɗauko busasshen burodi, ya tsoma a ruwan da ya taru, ya taka da ƙafa ɗaya, ya jira ya yi laushi kafin ya ci. Mai tallan gyaɗa zai wuce dab da shi bai motsa ba, amma yaro ya sunkuya ɗaukar dutse ya tashi. Idan shirwa ta kusanci sheƙa, biyu ko uku za su bi ta da kuka da sara har ta bar unguwar. A danginsa na nesa an auna abin: a Jami'ar Washington da ke Amurka, tun 2006 aka gwada cewa hankaki suna tuna fuskar wanda ya taɓa kama su tsawon shekaru, a Oxford kuma a 2002 wata hankakar tsibirin New Caledonia ta lanƙwasa waya ta zaro abinci daga cikin bututu.

Irin namu ya bazu daga Senegal zuwa Afirka ta Kudu har Madagaska, kuma shi ake gani a bakin teku a Legas da Akara yana tsintar ragowar kifin masunta. A gabar gabas kuwa ya sami kishiya, wato hankakan Indiya mai tokar wuya, wanda aka kai Zanzibar a shekarun 1890 don ya cinye shara. Ya yaɗu zuwa Mombasa da Darussalam da Jidda, inda alhazai kan gan shi, yana wawurar abinci daga farantin baƙi a otal-otal na bakin ruwa yana kuma korar tsuntsayen gida. A 2024 hukumomin Kenya suka sanar da shirin kashe miliyan ɗaya daga cikinsu.