Ɗiyan dabo na ƙasar Japon

Ranar asabar da lahadi babu lakwal. Wasu yara na bin iyayensu zuwa Dogon Dutsi. A bakin tasha suna sayen ƙosai da tsire, suna kallon gari.

Yaran ƙasar Japon ma haka suke yi. Wasu na zuwa Osaka, babban birni na bakin teku. A unguwar Dotonbori ana saida takoyaki a bakin hanya. Ya yi kama da ƙosai, amma da garin alkama ake yin shi, a sa naman wata dabbar teku mai hannu 8.

A wannan unguwa aka buɗe wani gidan wasan ƴar tsana a 1684. Yau ana kiran wasan Bunraku. Mutum 3 ke riƙe ƴar tsana guda. Na farko na motsa kai da hannun dama, na biyu hannun hagu, na uku ƙafafu. Mai labari na gefe yana yin muryar kowa, wani na kaɗa shamisen, irin molo mai tsirkiya 3. Mai koyo na farawa da ƙafafu, ya yi shekaru. Shi ya sa wasan bai mutu ba.

Mu ma muna da namu, ɗiyan dabo. Mai wasan na ɓuya ƙarƙashin babbar riga, ya ɗaga ɗiyan sama, ya sake murya. Yanzu wasan ya yi wuyar gani. In babu masu koyo, zai ɓace.

Ku tambayi kakanninku ko sun taɓa ganin ɗiyan dabo. Ku kawo labarin cikin aji.