Yadda Shuka Ke Kare Kanta Daga Fari

Manoman Wurno da Rabah da Goronyo sun san wannan. Idan ruwa ya ɗauke tsakiyar damina, a gona ɗaya wani gero yakan ƙone, wani kuwa ya tsaya kore shar. Me ya sa?

Ga ɗaya daga cikin dalilan. Idan rana ta ƙwalle, ƙasa ta bushe, wata guba takan taru a cikin ganye. Tana cin ganyen kamar yadda tsatsa ke cin fartanya.

Amma Allah ya ba shuka masu gadi a jikinta. Masana suna kiransu enzayim. Akwai wani mai suna katalas. Aikinsa shi ne ya mai da gubar ta koma ruwa da iska mai kyau.

Shuka tana gadon masu gadin nan ta cikin iri. Kuma dangi-dangi suke. A shinkafa, dangin katalas su 3 ne, wani dangin kuma su 8. Irin da masu gadinsa suka fi himma ya fi jure fari.

To, me za mu yi? Mu sa alama ga geron da ya jure fari, mu ɗebi iri daga zangarniyarsa. Mu zuba takin gida, domin masu gadin suna buƙatar abinci daga ƙasa. Masu noman albasa da tafarnuwa da ruwan madatsar Goronyo, kada ku jira ganye ya yi yaushi kafin ku yi ban ruwa.

Abin da ka shuka shi za ka girba.