Wandon Hawan Babur: A Duba Kafin A Saya



Yau da yawanmu babur ne dokinmu. Da shi muke bin rugage, da shi muke sammakon cin kasuwar Maigatari ran Alhamis. To amma sai ka ga mai cinikin shanu goma ya hau da wandon shadda. Ni ma haka nake yi, har ranar da rairayi ya kwashe mini taya, fatar gwiwata ta saluɓe. Kasuwa uku ban ci ba.

Akwai wandon jins da ake ɗinkawa musamman don mahaya. An saka masa zare mai ƙarfi irin su Kevlar, wanda kwalta ba ta saurin cinyewa, da matashi a gwiwa da ƙugu. Na ƙwarai yana ɗauke da tambarin CE da harafi: A, AA ko AAA. AAA ya fi tsaro, sai dai nauyi da zafi. A ranarmu ta bazara AA ya fi daɗin zama a jiki, don wandon da zafi ya sa ka bari gida bai tsare ka da komai ba.

Kada ka gwada shi a tsaye kawai, Alhaji. Hau babur ka lanƙwasa ƙafa, matashin ya zauna daidai kan gwiwa. Sannan durƙusa ka gani ko za ka iya sujada. In na gwanjo ne, bi ɗinkin da kyau. Babbar riga kuma a naɗe ta, kada sarƙa ta kama.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu kasuwa mai albarka.