Neman Na Kai Daga Cikin Ɗaki

'Yan'uwana mata, yau mace tana iya neman na kanta ba ta bar ɗakinta ba. A intanet akwai kasuwannin ƙwadago, irin su Upwork da Fiverr, inda ake neman mai juya Turanci zuwa Hausa.

To, amma Juma'ar da za ta yi kyau tun Laraba ake gane ta. Fara shirya takardar tarihin aikinki. Shafi 1 ya isa: iliminki, abin da kika iya, da samfurin aikinki. Kada ki ƙara gishiri, gama aikin fari zai tona asiri. Wajen yanka lada, ki tuna Fiverr tana cire kashi 20 cikin 100.

Wanda kuwa ya ce sai kin biya kafin ya ba ki aiki, macuci ne. Ki guje shi.