Kunun aya da madarar waken suya: na gida ko na kwali?

Da azumi ya kama, injinan markaɗe a Kano da Zariya ba sa hutawa tun hantsi. Aya ce jiƙaƙƙiya da dabino da kwakwa, wasu da 'yar citta, a markaɗa, a tace, a jefa ƙanƙara kafin a kira magariba. Abin da Turawa ke yayi yanzu da sunan madarar tsirrai, mu mun daɗe muna shan sa. Hatta Sifaniyawan Balansiya, da suke alfahari da nasu kunun ayar, sukan sayi aya daga Nijar da Mali, kuma yankin Maraɗi na cikin masu noma ta.

To ga shi kantuna sun fara jera kwalayen madarar waken suya da ta almon, da tsadarsu. Me mai saye yake biya?

Da farko dai yana biyan daɗewa. A masana'anta ana zafafa madarar har digiri 135 ko sama na 'yan daƙiƙoƙi, a ɗura ta a kwalin da iska da haske ba sa shiga, sai ta yi watanni ba firij. Kunun aya na gida kuwa ɗanye ne, ga zaƙi, don haka ƙwayoyin cuta na samun abinci a cikinsa. A zafin Afrilu, in aka ɗauke wuta, wanda aka tace da safe yakan yi tsami kafin dare. Tsamin ma da sauƙi, ai baki zai gane shi. Ruwan da aka yi tatar da shi ne abin tsoro. A watan Yunin 2024 jami'an lafiya na jihar Legas sun alaƙanta wasu da suka kamu da kwalara a Eti-Osa da kunun aya marar rajista da ake sayarwa a robobi. Wannan na roba, wanda ba na gidanka ba ne kuma ba shi da lambar NAFDAC, shi ne ya fi kowanne hatsari.

Sai abin da ake ƙarawa a kwalin. Nonon saniya yana da kalsiyam, mai ƙarfafa ƙashi, kimanin miligiram 120 a kowace mililita 100. Madarar tsirran da ake tacewa ba ta kai nan ba ko kusa, shi ya sa kamfanoni da yawa suke zuba kalsiyam da bitamin D da B12. B12 ɗin nan babu shi a aya, babu shi a wake, komai iya tatar uwargida. Amma ba kowane kwali ake ƙara wa ba, sai an karanta bayansa, inda sau da yawa za a tarar da sukari da mai, almon ɗin kuma bai wuce kashi biyu cikin ɗari ba. Ruwa ake sayar wa mutum da tsada.

A ɓangaren gina jiki, cikin waɗannan waken suya ne kaɗai ke kafaɗa da kafaɗa da nono: giram 3 ko kusa da haka na furotin a mililita 100. Kuma waken namu ne, daga Binuwai da Kaduna, mudu ɗaya ya ishi gida. Sharaɗinsa tafasa. Ɗanyen wake yana ɗauke da sinadarin da ke hana ciki narkar da furotin, sai madarar ta tafasa sosai na mintoci, ana juyawa don kada ta yi bori, kafin ya mutu, gafin ma ya ragu. Masu awara sun san wannan tun kafin a rubuta. Dusar da ta rage a matata ko ta shiga tuwo ko ta tafi ga awaki.

A ganina, gidan da ke samun nono, ƙwai ko kifi ba shi da dalilin sayen kwali. Ya tace nasa da tafasasshen ruwa, daidai shan yini ɗaya. Wanda nono ke kumbura wa ciki har ya daina shi gaba ɗaya, shi ne mai buƙatar wadda aka ƙara wa kalsiyam. Jaririn da bai cika shekara ba kuwa, ba na gida ba na kwali, babu wanda zai maye masa nonon uwa.