Agogon hannu na ƙirga bugun zuciya, amma jini ne ke faɗin halin da take ciki

A Kasuwar Ƙofar Wambai ba wuya ka ga matashi ɗaure da agogon zamani da ke haɗe da wayarsa, yana ƙirga masa taku da bugun zuciya. Sai dai agogon ba ya iya nuna ko zuciya ta fara gajiya da aikin harba jini. Wannan labari yana cikin jini.

Idan zuciya ta raunana, bangonta ya miƙe saboda nauyin aiki, takan saki wani sinadari mai suna BNP, wanda masana a Japan suka gano a 1988. Likitoci sun fi auna ɗan'uwansa, NT-proBNP. Ga wanda ciwon bai taso masa da gaggawa ba, sakamakon da bai kai 125 ba yana nuna da wuya zuciyar ta gaza. Ga mai fama da ciwon kuwa, hauhawar lambar na ƙara haɗarin komawa gadon asibiti ko rasa rai, saukarta bayan fara magani kuma alama ce mai daɗi. Shekaru da ciwon ƙoda na ɗaga lambar, ƙiba kuma na rage ta, don haka likita ne ke fassara ta. Yanzu akwai na'urar hannu irin su cobas h 232 ta kamfanin Roche, wadda ke fitar da sakamakon cikin mintuna kaɗan.

Batun ya shafi Kano kai tsaye. Arewacin Najeriya na cikin wuraren da aka fi samun raunin zuciya mai kama mata a ƙarshen goyon ciki ko bayan haihuwa. Binciken Farfesa Kamilu Musa Karaye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka wallafa a 2015, ya gano ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin mafi yawan matan da ke da ciwon. A 2024 kuma, gwajin da asibitin Mayo na Amurka ya jagoranta a asibitocin Najeriya, har da na Kano, ya nuna cewa abin sauraron ƙirji mai ƙirƙirarriyar basira ya ninka adadin matan da aka gano suna da raunin.

Ga mai riƙe da waya, amfanin a fili yake. In mai jego a gidanku tana haki, ƙafafunta sun kumbura, ko ba ta iya barci sai an tara mata matashin kai, kada a ce gajiyar haihuwa ce kawai. A kai ta asibiti, a tambayi likita game da wannan gwaji da hoton zuciya. Sannan a ɗauki hoton kowane sakamako da kwanan watansa a ajiye a waya, domin yadda lambar ke hawa ko sauka tsakanin gwaji da gwaji shi ne ke nuna wa likita inda aka dosa.