Ware Sassan Fotal Daga Uwar Manhaja: Riba da Tsadarta

Duk hukumar da ke gudanar da fotal, inda ma'aikaci ke duba albashinsa, ɗalibi ya yi rajista, abokin ciniki ya shigar da koke, tana da zaɓi guda a gabanta: ko a ɗaure kowane sashe a ƙunshinsa a ɗora shi daban, ko a cusa shi cikin uwar manhajar. Tun farkon wannan ƙarni masu gina fotal da harshen Java suka karkata ga warewa.

A 2003 aka fitar da ƙa'idar JSR 168, wadda ta tsara yadda kowace taga ta fotal za ta zama manhaja mai zaman kanta a cikin ƙunshi irin na WAR. JSR 286 ta biyo baya a 2008, ta ba tagogin hanyar aika wa juna saƙo. Amma tarihin Liferay, manhajar da Brian Chan ya fara a 2000, shi ya fi nuna abin da ake gudu. A da, mai son sauya halinta sosai yakan bi hanyar da ake kira Ext, wadda ke shigar da gyaransa cikin jikin manhajar. Komai lafiya lau har ranar da sabuwar siga ta fito. Sai a tarar gyaran ya manne da wuraren da kamfanin Liferay ya riga ya sake rubutawa, dole a zauna a bi shi layi-layi. Ko ɗan gyara ne kuwa, sai an kashe sabar an sake kunnawa, jama'a na jira. A 2016, cikin Liferay 7.0, kamfanin ya rarraba manhajar zuwa ɗaruruwan ƙunshi bisa tsarin OSGi. Kowane ƙunshi yana bayyana abin da yake bukata da abin da yake bayarwa, kuma ana iya tsayar da ɗaya a sauya shi sauran na aiki.

Ribar a fili take, kuma ina ganin ta cancanci wahalar da aka sha. Masu kula da sashen biyan kuɗi ba sai sun jira masu sashen labarai ba kafin su fitar da gyara.

Sai dai ba a cika faɗin tsadar abin ba. Ƙunshin WAR yakan zo da nasa kwafin kayan aikin da ya dogara da su, kamar 'yan haya da kowa ya sa wa ɗakinsa kwado irin nasa. A Disambar 2021, da aka gano mummunar kafar tsaro a Log4j, ɗaya daga cikin irin waɗannan kayan aiki, masu kula da sabobi sun sha fama wajen laluben kowane kwafi a cikin kowane ƙunshi, domin gyara guda a tsakiya bai wadatar ba. OSGi ya rage yawan kwafin, amma ya zo da tasa matsalar: ƙunshin da bai sami ainihin sigar abin da yake nema ba, sai ya ƙi tashi, tagarsa ta ɓace daga shafi. Gano dalilin yana bukatar gwanin da ƙaramar ma'aikata mai injiniya biyu ko uku ba lallai ta mallaka ba.

Shi ya sa tafiyar ba ta fuska ɗaya ba ce. A 2015, Drupal 8, sabuwar sigar wata manhajar gina shafukan intanet, ya jawo Views, sashen da ya daɗe a waje, ya shigar da shi cikin uwar manhajar, saboda yawancin shafuka sun dogara da shi kuma masu su kan ƙi ɗaukar sabuwar siga har sai ya shirya. A ra'ayina, sashen da ke yawan sauyawa kuma yake da mai kula da shi, shi ya dace a ware. Wanda kowa ya jingina da shi, kamar tantance masu shiga da ba da izini, zamansa a tsakiya ya fi aminci, inda gyara ɗaya zai isa ga kowace taga.